Babi na Shida: Wa Ke Yanke Shawarar Rigakafin Yaro?

Kyauta ake yi wa yara allurar rigakafi a asibitocin gwamnati na Najeriya. Duk da haka, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin ɗari ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka samu dukkan muhimman alluran: kashi 76 a Anambra, kashi 2 a Sakkwato. Nisan asibiti da ƙarancin ma'aikata suna da nasu kason a wannan tazara, amma yanayin gidan da aka haifi yaro ma yana da nasa.

Uwa ce ke goya yaro zuwa asibiti, amma a gidaje da yawa izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare. Bayansa sai kaka. Mai haihuwar fari kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego na kwana arba'in ƙarƙashin kulawar tsofaffi. Allurar tarin fuka kuwa tun ranar haihuwa ake son yin ta, sannan zagaye na gaba yana faɗowa a mako na 6, daidai fitar arba'in. Wadda ta haihu a gida, babu wanda ya miƙa mata katin rigakafi, tana iya tsallake duka biyun.

Karatun uwa ma yana da tasiri. Wadda ta iya duba kati ta san akwai komawa a mako na 10 da na 14, da allurar ƙyanda a wata na 9. Ta kuma san cewa zazzaɓin da kan biyo bayan allura mai wucewa ne. Wadda ba a yi wa bayani ba, da zarar jikin yaro ya yi zafi ya kwana yana kuka, sai a ce mata kada ta sake komawa.

Gida kuma ba ya mantuwa. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Wannan tabo ya ƙarfafa jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, wadda ta sa Kano ta dakatar da shi a 2003, har zuwa Yulin 2004 da aka samo maganin daga Indunusiya.

Abin da ya sauya lamarin shi ne bi ta hannun waɗanda ake jin maganarsu. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Masu unguwanni da limamai suka riƙa lallashin magidanta, mata ma'aikata suka shiga gidajen da aka rubuta "ba a shiga". A Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Sai dai ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023 ta nuna cewa alluran da sai an je asibiti ake yi har yanzu ba su samu irin wannan karɓuwa ba.