Horar da Ma'aikata: Aikin da Maigida Ba Ya Wakiltawa

Tun daga 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, aka kuma mai da Lafiya babban birninta, sana'o'i suka yi ta bunƙasa a garin, musamman casar shinkafa da fataucin doya da riɗi da agushi. Amma da yawa daga cikin waɗannan harkoki a kan mutum ɗaya suke tsaye. Ran da maigida ya kwanta ciwo, ko ya tafi aikin Hajji, sai ciniki ya tsaya cik, domin babu wanda ya san inda ake saro kaya, balle wanda ake bi bashi.

A ɗauki misalin mai injin casar shinkafa. Kafin shanshera ta shiga inji, sai an jiƙa ta, an yi gumi, an shanya. In ta sha rana fiye da kima, sai ta kakkarye a cikin inji, farashin buhu ya faɗi. In kuwa da sauran danshi, ba ta casuwa sosai, kuma ba ta jure ajiya. Gwani yakan gane daidai bushewarta da ya ciji ƙwaya ɗaya. Wannan sani ba a samunsa da jawabin yini guda. Sai maigida ya tsaya tare da yaronsa a wurin shanya, yau da gobe, ya bar shi ya yanke hukunci da kansa, sa'an nan ya nuna masa inda ya kuskure ba tare da tozartawa ba. Haka nan littafin lissafi da tsayar da farashi. Wanda bai taɓa barin yaronsa ya yi ciniki a gabansa ba, to, bai san abin da zai aikata a bayan idonsa ba.

Abin da ke hana wasu iyayen gida shi ne tsoro, wai in yaro ya ƙware zai gudu ya buɗe nasa. Lalle hakan yana faruwa. Sai dai tsoffin attajiran ƙasar Hausa ba su ɗauke shi hasara ba. Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, da wakilai da yaran gida ya shimfiɗa cinikinsa na goro da gyaɗa. Bisa al'ada kuwa, yaron da ya yi biyayya akan sallame shi da jari, ya koma abokin hulɗa mai saro kaya a hannun ubangidansa.

Gwamnatin Tarayya ta daɗe da lura da wannan bukata. A 1971 ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, da dokar soja mai lamba 47, hedkwatarsa kuwa tana Jos. Shekara guda bayan haka aka yi dokar mayar da wasu kamfanoni hannun 'yan ƙasa, abin da ya ƙara fito da ƙarancin ƙwararrun manajoji a fili. Kamfanin da dokar Asusun ta shafa yana biyan kashi ɗaya bisa ɗari na jimlar albashin ma'aikatansa a shekara. Gyaran 2011 ya haɗa har da mai ma'aikata biyar, amma dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta mayar da adadin zuwa 25. In kamfani ya horar da mutanensa bisa tsarin da Asusun ya amince da shi, yana iya neman a mayar masa da abin da ya kai rabin kuɗin da ya biya. Saboda haka ya kamata a riƙa adana takardun kowane horo: sunan ma'aikaci, da abin da ya koya, da kuɗin da aka kashe.

Har ila yau akwai shirin SIWES da Asusun ya fara a 1973, wanda ke tura ɗalibai wuraren aiki don koyon aiki da hannu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da na kwalejin fasaha ta jihar sukan nemi gurbi a garin. Abin takaici, wasu sukan ƙare watanninsu a aiken sayo abinci. Maigidan da ya karɓi ɗalibi, wajibi ne ya haɗa shi da ƙwararren ma'aikaci, ya kuma duba littafin aikinsa kowane mako kafin ya sa hannu.