Labarin Malam Jemis na Tirinidad da Almajiransa Biyu

Yau labarinmu ya ƙetare Tekun Atlantika zuwa wani tsibiri da ake kira Tirinidad. Tsibirin nan yana hannun Ingilishi a da, kuma da yawa daga mutanensa jikokin bayi ne waɗanda aka kwasa daga Afirka domin noman rake. Can aka haifi C. L. R. Jemis ran 4 ga Janairu, 1901. Ubansa malamin makaranta ne, uwarsa kuwa ba ta rabuwa da littafi. Yaron ya tashi da kaifin basira, har ya ci jarrabawar shiga babbar kwalejin tsibirin, daga baya ya zama malami a cikinta. Cikin yaran da ya karantar akwai wani Erik Wiliyams. Ku riƙe sunan nan, za mu komo gare shi.

A shekara ta 1932 Jemis ya tafi Ingila, ya sauka Nelson, garin masaƙa. Nan ya ga Turawa talakawa suna yajin aiki a kan abin da zai ciyar da iyalinsu, sai ya gane ashe zalunci bai tsaya ga baƙar fata kaɗai ba. Ya duƙufa kan littattafan Markis, ya shiga jama'ar Turoski, watau 'yan gurguzu waɗanda suka ƙi mulkin Sitalin na Rasha. Abincinsa kuwa yana samunsa ta rubuta wa jarida labarin wasan kurket. A 1933 ya fitar da ɗan littafi yana kawo hujjojin a ba tsibiran yankinsu mulkin kai. Sa'ad da Italiya ta tasam ma Habasha a 1935, shi ne ya shugabanci ƙungiyar 'yan Afirka masu goyon bayan Habasha a birnin London.

Amma babban aikinsa shi ne tarihin Haiti, wanda ya fito a 1938 da suna The Black Jacobins, bayan ya sha tonon tsofaffin takardu a birnin Faris. Haiti yanki ne na wani tsibiri a tekun nan nasu, a da mallakar Faransa, inda bayi wajen dubu 500 suke noma rake da gahawa. A watan Agusta 1791 suka yi tawaye. Wani 'yantaccen bawa, Tusan Lubatur, ya mai da su runduna mai tsari. Suka kayar da masu gonaki, suka kori mayaƙan Ingila, daga baya suka karya rundunar da Nafoliyon ya aiko a 1802. Ran 1 ga Janairu, 1804, suka kafa ƙasarsu. Kafin Jemis, galibin litattafan Turawa suna nuna 'yancin bayi kamar sadaka ce da masu tausayi suka bayar. Shi kuwa ya nuna bayin nan da hannunsu suka karɓe shi. Nufinsa mutanen Afirka su karanta, su san abin da ya yiwu can zai yiwu gare su.

To, sai dai littafin yana ɗauke da gargaɗi. Tusan bai ga ranar 'yanci ba, domin Faransawa sun kama shi da yaudara, ya mutu a kurkuku cikin duwatsun ƙasarsu a 1803. Jemis ya bi diddigin dalili. Ya ga Tusan, da mulki ya zauna masa, ya bar bayyana wa talakawa abin da yake nufi, ya tilasta musu komawa gonakin rake, har ya sa aka harbe Moyis, jarumin da manoma suke ƙauna, a 1801. Ran da abokan gaba suka iso, jama'a ba su san inda shugabansu ya sa gaba ba. Hukuncin Jemis shi ne, shugaban da ya rabu da talakawan da suka ɗaga shi ya sare reshen da yake zaune a kai.

A ƙarshen 1938 ya tafi Amurka, ya yi shekara 15 yana aiki cikin 'yan ƙwadago da manoma baƙar fata. Can ya sadu da almajirinsa na biyu, wani ɗalibi daga Gwalkwas mai suna Kwame Nkrumah. Da Nkrumah zai tafi London a 1945, Jemis ya ba shi takarda zuwa ga abokinsa na ƙuruciya, Joj Fadimo. Nkrumah da Fadimo suna cikin waɗanda suka shirya taron 'yan Afirka na Manchesta a shekarar nan. Hukumar Amurka kuwa ta tsare Jemis a 1952, ta sa ya bar ƙasar a 1953. Ran 6 ga Maris, 1957, yana Ankara sa'ad da Gwalkwas ta zama Gana.

A 1958 Erik Wiliyams, wanda ya riga ya zama shugaban gwamnatin Tirinidad, ya damƙa wa tsohon malaminsa jaridar jam'iyyarsa. Zaman bai daɗe ba. Suka saɓa a kan sansanin sojan ruwan Amurka da ke Caguwaramas, wanda Wiliyams ya yarda a sasanta a kansa, da kuma yadda ake tafiyar da jam'iyya. Jemis ya ajiye aiki a 1960, ya bar tsibirin kafin a sami mulkin kai a 1962. Da ya komo a 1965 domin labarin wasan kurket, aka tarar 'yan ƙwadago sun tayar da ƙura, sai gwamnatin Wiliyams ta yi masa ɗaurin talala a gida. Almajiri ke nan ya tsare malaminsa.

Na Gana ma bai tsira daga gargaɗin ba. A Disamba 1963 Nkrumah ya tuɓe Alƙalin Alƙalai domin kotu ta sallami waɗansu da aka tuhuma da cin amanar ƙasa. Jemis ya rubuta masa cewa wannan kuskure ne babba, gama in mai mulki ya taka shari'a, ba sauran amana tsakaninsa da jama'a. A Fabrairu 1966 soja suka kifar da Nkrumah yana kan tafiya a ƙasar waje. Duk da haka Jemis bai zubar da shi ba. A littafin da ya fitar a 1977 ya yabi aikinsa na farko, ya kuma faɗi inda ya kauce.

Jemis ya ƙare kwanakinsa a wani ɗan ɗaki cike da littattafai a unguwar Birikiston ta London, samari suna zuwa ɗaukar karatu. Ya rasu ran 31 ga Mayu, 1989, yana da shekara 88, aka kai gawarsa Tirinidad. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba. Mai karatu yana iya ƙin aƙidarsa ta gurguzu, wannan ra'ayinsa ne. Amma malami ya duba: ga mutum wanda almajiransa biyu suka hau mulki, da ya yi shiru da ya ci arziki a inuwarsu, ya zaɓi ya gaya musu abin da ya karanto a tarihi, ya ɗauki abin da ya biyo baya.

Wassalam.