Hanyoyin Zuwa Tarabulus Daga Ƙasar Kano

Mutanen Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, da maƙwabtansu na Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ba baƙi ba ne ga sha'anin fatauci. Sai dai da yake a yau samarinmu da yawa sun ɗora buri a kan Libiya, ya kyautu a bayyana yadda ake isa can, da abin da kowace hanya take nema ga mai binta.

A zamanin da, wanda ya yi niyyar Tarabulus ta Libiya sai ya shiga birnin Kano ya jira ayari, wanda yakan bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa duwatsun Azbin, ya sauka Gat, sa'an nan Gadamas ko Murzuƙ, ɗauke da ƙirgi da turkuɗi da hauren giwa da gashin jimina, a yi watanni ana tafe. Bature Barth ya bar Tarabulus a 1850, bai ga ganuwar Kano ba sai a Fabrairun 1851. Tafiya ce mai mashaƙƙa ainun, amma fa tana da nizami: akwai madugu mai hukunci, akwai jagora wanda ya san kowace rijiya, akwai Abzinawan da aka biya haƙƙin ratsa ƙasarsu, kuma a kowane zango akwai fatoma wanda ya san baƙonsa da sunan ubansa. Wannan tsari ya rushe ne bayan 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta far wa Tarabulus, har Larabawan Kano suka koma aika hajarsu ta Ikko a jirgin ruwa.

Hanyar hamada ta yanzu, wato Agadas zuwa Dirku da Madama da Gaɗrun har Sabha a bayan motar Hilux, ta mai da watanni 'yan kwanaki, alhali kuwa ta zubar da amanar da ta riƙe ayarin da, domin direban da ya karɓi kuɗinsa a tasha ba ya jin akwai wani alhaki a wuyansa in mota ta mutu a hamadar Tenere, kuma wanda ya tsira daga ƙishirwa yana iya faɗawa hannun masu tsare mutane su nemi fansa daga iyayensu. Fuƙaha'unmu na Malikiyya, ko a babin Hajji, sun sanya amincin rai da dukiya cikin sharaɗin istiɗa'a, wato ikon yin tafiyar, balle tafiyar neman abinci. Jamhuriyar Nijar ta haramta safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwambar 2023, motoci suka dawo fili.

Saura jirgin sama, wanda yake buƙatar fasfo da biza daga ofishin jakadancin Libiya a Abuja, galibi da takardar gayyata daga mai ɗaukar aiki. Matafiyi yakan sauya jirgi a Alƙahira ko Tunis ko Istanbul, ya sauka a filin Mitiga, tun da yaƙin 2014 ya lalata babban filin jirgin Tarabulus.