Gaskiya da Ƙarya Kan Zaɓen A-kori-kura Don Tafiyar Daji da Iyali

Magidancin da ke son kai iyalinsa su kwana biyu a Yankari, ko su hau tsaunin Mambila har Gembu, ko ya riƙa shiga ƙauyensu da damina hankali kwance, yawanci a-kori-kura ce ke fara zuwa masa a rai. Da zarar ya furta, sai shawarwari su yi masa yawa: ta dillali daban, ta majalisa daban. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa sauraron su kan iya jawo asarar rai. Ga waɗanda aka fi ji, da matsayin kowacce.

"Hilux ba ta mutuwa"

Akwai gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari. Tun 1968 kamfanin Toyota ke ƙera Hilux, kuma ba a banza ta yi suna ba. A 1987 sojojin Chadi sun yi amfani da a-kori-kura ƙirar Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da sauran sassan arewacin ƙasar, har duniya ta laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Sai dai motocin wancan zamani injinsu ba shi da wani siddabaru. Injin dizal na yau, irin mai lita 2.4 da 2.8, yana fesa mai da matsi mai tsanani ta ƙananan ramuka, don haka ruwa ko datti kaɗan a cikin man bumburutu ya isa ya kashe masa nozul, kuma gyaran ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa mai lita 2.7 ta fetur ke da farin jini a Najeriya. Ford Ranger da Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 su ma motoci ne na ƙwarai. Inda Hilux ta yi musu fintinkau shi ne samun bakanike da kayan gyara a kusan kowane gari.

"Kowace a-kori-kura tana ja da taya huɗu"

Ƙarya ce. Da yawa tayoyin baya kaɗai ke jan su, ko da kuwa tsayinsu da fasalinsu ɗaya da masu jan huɗu. Irin waɗannan in babu kaya a bodi bayansu ba nauyi, shi ya sa suke saurin kafewa a yashi da taɓo. Kada ka dogara da rubutun 4x4 da aka manna a jiki, domin a kasuwa ake sayar da shi. Gani ya kori ji: duba ko akwai ƙaramar giya ta biyu ko maɓallin da ke ɗauke da H2 da H4 da L4, sannan a leƙa ƙarƙashi a ga sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba. A gwada L4 a kan ƙasa kafin a biya, don ita ce giyar hawan dutse da fita daga laka.

"Ka bar ta a jan huɗu kullum, ya fi aminci"

Wannan ma kuskure ne a yawancinsu. Idan aka sa H4, tayoyin gaba da na baya suna ɗaure da juna, dole su juya daidai wa daida. A kan yashi ko tsakuwa taya kan zame kaɗan ta huce. A busasshiyar kwalta kuwa ba zamewa, sai ƙarfen ciki ya yi ta murɗewa a kowace kwana har wani abu ya karye. Akwai waɗanda aka yi su don jure haka, kamar wasu samfuran L200 masu tsarin Super Select. In ba irinsu ba ce, a koma H2 da zarar an hau kwalta.

"Bodinta na ɗaukar duk abin da aka loda"

A nan ne mutane suka fi cutar kansu. Mai ƙofa huɗu abin da aka ƙayyade mata bai wuce kusan tan 1 ba, kuma a ciki har da mutanen da ke zaune. Yi lissafi: manya da yara biyar sun kai kilo 300, jarkar ruwa mai lita 25 guda huɗu kilo 100 ke nan, ga jarkokin mai, ga janareta, tanti, tukwane, buhun abinci, safayar taya ta biyu da rumfar ƙarfen da aka ɗora a baya. Kafin ka ankara an cinye tan ɗin. Lodin da ya wuce kima yana karya sifirin, yana tsawaita tazarar tsayawar birki, yana kuma sa taya ta yi zafi ta fashe. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, kusa da bayan kujeru. Duk abin da aka jibga a rufi yana ƙara wa mota saurin kifewa a gangare.

"Yara sai su zauna a baya, ai sun fi jin daɗi"

Babu maganar da ta fi wannan haɗari. Bodi ba shi da kujera, ba shi da bel, kuma rami ɗaya ko birki na gaggawa ya isa ya wurgar da yaro. Rufe shi da rumfa bai kawar da matsalar ba, domin hayaƙin salansa kan taru a ciki, kuma gubarsa ba ta da wari. Mai ƙofa huɗu mutum biyar take ɗauka har da direba. Wanda iyalinsa suka fi haka, a-kori-kura ba motarsa ba ce. Ya nemi mai layin kujeru uku, ko a tafi da mota biyu.

"Manyan taya ne maganin yashi"

Rabin gaskiya ce. Abin da ke fitar da mota daga yashi shi ne rage iskar taya har ta shimfiɗu ta daina nutsewa, kuma direbobin Agadas sun daɗe da sanin haka. Amma tilas a tafi da famfo a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Taya da ta zarce girman da kamfani ya tsara tana ƙara shan mai, tana wahalar da birki da giya. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne shekaru: lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. 1522 na nufin mako na 15 na 2022.

"In tana da bututun iska a sama, tana ratsa kowane rafi"

Ƙarya ce mai kisa. Bututun yana rage wa inji shaƙar ƙura da ruwa, amma bai kare wayoyin lantarki ba, bai kuma hana ruwa ɗaga mota ba. Zurfin da Toyota ta ƙayyade wa Hilux ta zamani santimita 70 ne, Ranger kuma 80, kuma wannan a ruwa mai kwance ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da a-kori-kura. In rafi ya kawo, a tsaya a jira ya janye, a kuma tambayi mutanen wurin.

Saboda haka kafin ka miƙa kuɗinka, ƙirga mutanen da za ka ɗauka, auna kayanka, tabbatar da idonka cewa tana jan huɗu, ka kuma binciki ko akwai mai gyaranta a hanyar da za ka bi. Je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Iyali amana ne a hannunka, don haka kada sunan mota ko zugar majalisa su yanke maka hukunci.