Cinikin Mahaya a Tseren Keke: Yadda Iska da Kuɗin Talla ke Gina Ƙungiya

A ƙasashen Turai, musamman Faransa da Italiya da Beljiyam da Sifen da Holan, tseren keke sana'a ce da ɗaruruwan mutane ke ci da iyalansu da ita. Kakar manyan gasanni takan fara ne a watan Janairu a ƙasar Ostireliya, ta ƙare a watan Oktoba. Daga nan sai hanyoyi su yi tsit, sanyin hunturu ya sauka. To amma a daidai wannan lokaci ne ake kammala wani tseren na daban a ofisoshi, inda ƙungiyoyi ke neman mahaya, mahaya ke neman kwantiragi, shugabannin ƙungiyoyi kuma ke bin kamfanoni domin samun mai ɗaukar nauyi. Wanda ke son fahimtar wannan ciniki dole ya fara sanin abubuwa biyu: dalilin da ya sa mahayin keke ke bukatar ƙungiya, da kuma inda kuɗin ƙungiyar ke fitowa.

Dalilin da ya sa mutum ɗaya ba ya cin tsere

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san iska tana da turjiya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, idan gudun mahayi ya kai kilomita 40 a sa'a, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da yake fitarwa yana ƙarewa ne wajen keta iska. Wannan turjiya kuwa ba ta ƙaruwa daidai wa daida da gudu. Idan mahayi ya ninka gudunsa sau biyu, turjiyar iska takan ninku sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don riƙe wannan gudun kuma ya ninku sau takwas. Shi ya sa ƙarin kilomita biyu ko uku a sa'a ke da tsada ƙwarai ga jikin ɗan Adam.

Sai dai akwai dabara. Mahayin da ya laɓe a bayan wani, tayarsa dab da ta na gaba, yakan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, domin na gaban ya riga ya tsaga masa iska. A cikin babban ayari ragin ya fi haka nesa ba kusa ba. A shekarar 2018, Farfesa Bert Blocken da abokan aikinsa na jami'o'in Eindhoven da Leuven sun auna ayarin mahaya 121 ta hanyar kwamfuta da kuma ɗakin gwajin iska. Sun gano cewa turjiyar da ke kan wanda ke can tsakiya ta wajen baya takan sauka zuwa kashi 5 ko 10 cikin 100 na wadda mai tafiya shi kaɗai ke sha.

Daga wannan ƙa'ida ta kimiyya ce tsarin ƙungiya ya samo asali. A gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, kowace ƙungiya tana shiga da mahaya 8 tun daga 2018, kuma ana yin zango 21 cikin mako uku. Mutum ɗaya ne madugu, wato wanda ake so ya ci gasar. Sauran 'yan hidima ne: su tsaga masa iska, su koma wurin motar ƙungiya su ɗebo masa ruwa da abinci, idan kekensa ya lalace ɗayansu ya miƙa masa nasa. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ne ma ya zama al'ada wanda ya ci wannan gasa ya raba kyautarsa ta Yuro 500,000 tsakanin abokan tafiyarsa da ma'aikatan ƙungiya.

Yadda ake harhaɗa jerin mahaya

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900 kuma take da mazauni a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ita ke ba da lasisi. A babban rukunin maza akwai ƙungiyoyi 18, kuma babu wadda aka yarda ta wuce mahaya 30. Wannan adadi bai yi yawa ba, domin sau da yawa ƙungiya takan shiga gasa biyu ko uku a ƙasashe daban-daban a mako guda, ga kuma masu jinyar rauni.

Mai harhaɗa jerin ba ƙarfi kawai yake nema ba, iri-irin ƙarfi yake nema. Ana auna ƙarfin mahayi da ma'aunin wat, ta wata 'yar na'ura da ke maƙale a jikin keke. A kan tsauni, inda gudu ke raguwa, nauyin jiki ya fi iska tasiri, don haka abin dubawa shi ne wat nawa mutum ke fitarwa a kan kowane kilo na nauyinsa. Gwanayen hawa sukan riƙe wajen wat 6 a kowane kilo na tsawon rabin sa'a ko fiye, kuma galibinsu sirara ne. Masu tsinkewa da gudu a ƙarshen zango kuwa ƙarfafa ne, sukan fitar da wat 1,500 ko sama da haka, amma na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. Akwai kuma masu dogon numfashi da ke jan ayari sa'o'i da dama a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ƙungiyar da ta sayi madugu mai tsada ba ta tanadar masa masu rakiya a kan tsauni ba, ta yi asarar kuɗinta. A yau wakilan mahaya kan tura wa ƙungiyoyi alkaluman wat na yaran da suke wakilta, har ta kai ana ɗaukar 'yan shekara 18 ko 19 bisa abin da na'ura ta nuna.

Dokokin sauya sheƙa

Kwantiragin mahayi yakan fara ranar 1 ga Janairu ya ƙare ranar 31 ga Disamba, yawanci na shekara ɗaya zuwa uku. Dokar hukuma ta sa ranar 1 ga Agusta ta zama ranar da ake fara sanar da sauya sheƙa, ko da yake kowa ya san akan yi ciniki a ɓoye tun kafin nan, musamman a ranakun hutu na Tour de France a watan Yuli. Wannan tsari yana haifar da wani abin ban dariya: a sansanin atisaye na watan Disamba akan ga sabon mahayi cikin sababbin abokansa, amma sanye da rigar tsohuwar ƙungiyarsa, domin har ƙarshen wata tana da haƙƙi a kansa.

A nan tseren keke ya bambanta da ƙwallon ƙafa. Bisa al'ada ba a sayen mahayi daga wata ƙungiya. Jira ake yi kwantiraginsa ya ƙare, sannan ya tafi inda ya ga dama. Idan yana son tafiya kafin lokaci, sai shi da tsohuwar ƙungiya da sabuwar sun amince. A 'yan shekarun nan irin wannan ya fara yawaita. Primož Roglič, ɗan ƙasar Sulobeniya, ya bar Jumbo-Visma a ƙarshen 2023 zuwa Bora-Hansgrohe tun kwantiraginsa bai cika ba. A watan Agusta na 2025 aka sanar da cewa Remco Evenepoel na Beljiyam zai bar Soudal Quick-Step shekara guda kafin wa'adinsa, ya koma wannan ƙungiya ta Jamus, wadda kamfanin Red Bull ya sayi mafi yawan hannun jarinta a 2024. Don gudun irin haka, masu hali sun koma ɗaure taurarinsu da dogon kwantiragi. Alal misali, a 2024 Tadej Pogačar ya sa hannu zai zauna a ƙungiyar UAE har zuwa 2030.

Ina kuɗin ke fitowa?

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da filinta, tana sayar da tikiti, tana kuma samun kasonta daga gidajen talabijin. Ƙungiyar keke ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun farko, domin a kan titin jama'a ake tsere, kowa yana kallo kyauta. Kuɗin talabijin kuma akasari yana shiga aljihun masu shirya gasa ne, irin su kamfanin ASO mai mallakar Tour de France. Abin da ya rage wa ƙungiya ta sayar shi ne sunanta da rigarta. Wannan ne ya sa mafi yawan kasafinta ke fitowa daga masu talla, kuma sunan ƙungiya shi ne sunan kamfanin da ya biya.

Da farko masu ƙera kekuna da tayoyi ne kaɗai ke riƙe ƙungiyoyi. A 1954 mahayin Italiya Fiorenzo Magni ya shigo da kamfanin man shafawa na Nivea, daga nan ƙofa ta buɗe wa bankuna da manyan kantuna da kamfanonin sadarwa. Illar tsarin ita ce ƙungiya ba ta da suna mai ɗorewa. Wata ƙungiyar Holan ta yi suna Rabobank daga 1996 zuwa 2012, lokacin da bankin ya janye saboda abin kunyar shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ya dabaibaye wasan. Ta shiga 2013 da sunan Blanco, wato fara babu rubutu, sannan ta zama Belkin, ta zama LottoNL-Jumbo a 2015, Jumbo-Visma a 2019, sai Visma-Lease a Bike a 2024. Abin lura shi ne, a 2023 wannan ƙungiya ta lashe dukkan manyan gasanni uku na Italiya da Faransa da Sifen, abin da babu wadda ta taɓa yi a shekara guda, amma duk da haka a ƙarshen shekarar kamfanin Jumbo ya tafi. Ita ta sami madadi. HTC-Highroad ba ta samu ba: tana cikin waɗanda suka fi kowa cin tsere a duniya, amma ta rushe a ƙarshen 2011.

Nahiyar Afirka ma ta ɗanɗana wannan. A 2015 MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu ta shiga Tour de France da sunan kamfanin wayar nan da aka sani a Nijeriya da Gana da Kamaru, kuma a wannan gasa ce Daniel Teklehaimanot na Iritiriya ya sa rigar gwanin hawan tsauni na 'yan kwanaki. Ƙungiyar ta zama Dimension Data a 2016, ta zama NTT a 2020, sannan a ƙarshen 2021 ta rasa lasisinta saboda rashin kuɗi.

Maki da tsoron faɗuwa

Wani abin da ke juya akalar ciniki shi ne maki. Hukuma tana tara makin da ƙungiyoyi suka samu cikin shekara uku, sannan ta fifita 18 na sama wajen ba da lasisin babban rukuni. Wannan lasisi shi ne ke tabbatar wa ƙungiya gurbi a Tour de France, gurbin kuma shi ne abin da mai talla ke biya dominsa. A ƙarshen zagayen 2020 zuwa 2022, Lotto-Soudal da Israel-Premier Tech suka faɗo, Alpecin-Deceuninck da Arkéa-Samsic suka hau. Daga 2023 aka koma lissafa makin mahaya 20 na kowace ƙungiya maimakon 10.

Yadda aka tsara doka yakan canza darajar mutum a kasuwa. A farkon shekarun 2010 mahayi yakan tafi da makinsa sabuwar ƙungiya, don haka aka riƙa ɗaukar mutane saboda makin da suka tara a ƙananan gasannin Asiya da Afirka. Ta haka ne Mehdi Sohrabi na Iran ya shiga Lotto-Belisol a 2012. Ɗan hidima kuwa, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa domin wani ya ci, sai ya wayi gari ba shi da maki, ba shi da daraja. Daga baya aka gyara, maki ya koma zama a ƙungiyar da aka samo shi. Duk da haka har yanzu ƙananan ƙungiyoyi sun fi son mahayin da zai riƙa zuwa na biyar ko na takwas a gasanni da yawa, domin irin wannan ne ke tara maki.

Waɗanda ke ɗaukar asara

Idan ƙungiya ta rushe ko biyu suka haɗe, tauraro ba ya kwana babu aiki. A ƙarshen 2025 Arkéa-B&B Hotels ta Faransa ta rufe, Lotto da Intermarché-Wanty na Beljiyam kuma suka zama ƙungiya ɗaya. Tun da doka ta tsaya a kan mahaya 30, haɗewar jeri biyu na nufin mutane da dama sun rasa gurbi. Biniam Girmay na Iritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024 yana Intermarché, ya koma ƙungiyar NSN. Waɗanda suka shiga zullumi su ne 'yan hidima da makanikai da masu tausa da direbobi, domin a watan Nuwamba yawancin ƙungiyoyi sun riga sun cika jerinsu. Hukuma ta tilasta wa kowace ƙungiya ajiye kuɗin jingina a banki, wanda za a biya albashi da shi idan ta gaza, amma na 'yan watanni ne kawai. Mahayin da ya haura shekara 30 kuma bai sami kwantiragi kafin Janairu ba, sau da yawa nan ne ƙarshen sana'arsa.

Kammalawa

A taƙaice, turjiyar iska ce ta wajabta wa mahayi samun abokan tafiya, rashin fili da tikiti kuma ya wajabta wa ƙungiya dogaro da mai talla. Cinikin hunturu shi ne wurin da waɗannan bukatu biyu ke haɗuwa. Ɗalibin da ya ji labarin wani mahayi ya sauya sheƙa zai iya auna labarin da tambayoyi uku: wane irin ƙarfi ƙungiyar ta rasa da take son cikewa, maki nawa take bukata kafin zagaye ya ƙare, kuma shekara nawa suka rage a yarjejeniyarta da kamfanin da sunansa ke kan rigar.