Daular Zamfara da Wasannin Kafa Daula na Kwamfuta: Ina Gyara Yake?

Daga cikin wasannin da matasa suke yi a kwamfuta akwai wani nau'i wanda ake ba mai wasa ragamar wata daula ta tarihi, a ce masa ya riƙe ta. Shi zai karɓi haraji, ya gina birane, ya ƙulla amana da maƙwabta ko ya yaƙe su, har ya ga ƙasarsa ta bunƙasa ko ta rushe a hannunsa. Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne yadda waɗannan wasanni suka ɗauki ƙasar Hausa, da irin gyaran da suke bukata, kuma za mu auna su da tarihin yammacin Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ta yara ce. Yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi don kansa ba yana iya shafe sa'o'i ɗari a gaban taswirar wasa, kuma abin da ya gani a can shi ne zai zauna masa a zuciya a matsayin yadda duniya ta kasance.

Da farko dai ba za a ce an manta da Hausawa ba. A wasan Crusader Kings III, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2020, ana iya farawa da Daurama ta Daura a shekarar 867. A 2021 aka ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, da barade masu lifidi da maroƙa da kasuwar dabbobi. Civilization VII na 2025 kuwa ya sa Amina ta Zazzau cikin shugabannin da ake zaɓa. Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Europa Universalis IV na 2013, domin yana farawa a 1444 ya ƙare a 1821, ya haɗiye zamanin ƙarfin Zamfara da faɗuwarta da jihadi baki ɗaya. A cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau. Sai dai ƙa'idojin da aka gina shi a kansu daga tarihin Turai aka ɗebo su, aka yafa wa sauran duniya, shi ya sa rigar ta ɗage a wasu wurare.

Babban wurin da ta ɗage shi ne ma'anar daula kanta. A wasan, daula launi ce a kan taswira. In aka cinye lardunanka duka, launinka ya ɓace, wasa ya ƙare. To, a dubi Zamfara. Sarautarta ta faro daga Dutsi, ta koma Birnin Zamfara, inda ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙarshen ƙarni na sha bakwai da farkon na sha takwas. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin. Da a wasa ne, nan za a rufe littafin Zamfara. Amma gidan sarautar bai mutu ba. Ya koma Kiyawa, ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan shekaru da dama, har ya sami mazauni a Anka a farkon rabin ƙarni na sha tara, inda har yau ake kiran mai riƙe da ita Sarkin Zamfara. Abin da ya rayu a tsawon wannan yawo shi ne zuriyar sarauta, da masu naɗa sarki, da tambura, da jama'ar da ta yarda cewa wannan shi ne sarkinta. Gyara na farko ke nan: a raba sarauta da ƙasa, ta yadda mai wasa zai iya rasa birni ya ɗauki fadarsa da talakawan da suka bi shi ya nemi wani wuri, ƙarfinsa ya dogara ga yawan waɗanda suka amsa kiransa. A ƙasar da fili yake da yawa mutane suke da ƙaranci, mai jama'a shi ne mai arziki, kuma talaka yana da makamin da masu wasan ba su lissafa ba, watau ƙaura.

Yadda Gobirawa suka ci Zamfara ma darasi ne. Ba da runduna suka fara shigowa ba. Baƙi ne da suka gangaro daga arewa, sarakunan Zamfara suka ba su wurin zama da noma, har ana cewa sunan Alƙalawa ya samo asali ne daga gonar alƙalin Zamfara da aka sauke su a kanta. Suka yi yawa, suka yi ƙarfi, sa'an nan baƙo ya zama mai gida, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. Wasan da ya san abin da yake yi sai ya ajiye wa mai wasa wannan zaɓi a gabansa: ka karɓi baƙi ka sami mayaƙa da haraji yau, ka ɗauki kasadar abin da jikokinsu za su yi, ko ka kore su ka bar iyakarka ta arewa a buɗe.

Sai batun abinci, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A yawancin wasannin, runduna tana tafiya wata da watanni, abin da kawai take ci shi ne kuɗin baitulmali, sai ɗan ragin mayaƙa in ta yi wa lardi yawa. A ƙasar Hausa kuwa shekara ce take tsara yaƙi. Da damina mayaƙi manomi ne, gulabe sun cika, fadama ta hana doki wucewa. Sai an yi girbi rumbuna sun cika ake buga tambarin yaƙi. Wanda ya tsare mutane a sansani lokacin shuka, yunwa ya saya wa ƙasarsa ta baɗi.

Tarihin jihadi a Zamfara ya nuna wannan a fili. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun cikin shekarun 1780, ya sami almajirai da masoya. Da aka fara yaƙi a 1804, Zamfarawa da yawa suka goyi bayan jama'a, wasu don addini, wasu don tsohon haushin Gobir. Bayan wahalar Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, jama'a ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805, daga can aka tashi rundunar da ta ci Birnin Kabi. Amma lokacin na yunwa ne, ga dubban baƙi da dabbobinsu, mayaƙa kuma suka shiga ɗibar abinci a garuruwan masu masaukinsu. Ba a daɗe ba garuruwan Zamfara da dama suka juya baya, aka koma ana yaƙi da waɗanda jiya ake tare. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kansa ya koka da halin wasu mayaƙan a rubuce-rubucensa. A wasa, amana lamba ce da take hawa in ka aika kyauta ko ka ƙulla aure. Ya kamata a ɗaura ta a kan rumbu: duk damin geron da rundunarka ta ci a ƙasar abokinka, a rage shi daga amanar da ke tsakaninku.

Ciniki ma haka. A Europa Universalis IV an sa Katsina cikin cibiyoyin ciniki, abin a yaba, amma dukiya a wasan tana gudu ne ta hanyoyin da aka shata tun farko, fuska ɗaya, har ta tuƙe a tashoshin Turai. Fataken goro ba su san wannan ba. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi nazarin Kambarin Barebari, 'yan kasuwa masu asali daga Barno waɗanda suka yi cibiya a Gummi, suna kai ayari Gwanja su sayo goro a ƙarni na sha tara. Ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana biyan fito a bakin kogi da kuɗin hanya ga sarakuna, yana sauka a zango. In wani sarki ya tsananta, ko hanya ta yi rashin lafiya, madugu ya sauya hanya, kasuwar wannan gari ta mutu, ta wani ta tashi. Don haka fatake ya kamata su zama ƙungiya mai ra'ayin kanta a cikin wasa, wadda sarki zai lallasa da adalci da tsaron hanya.

Akwai kuma zinariya. A wasannin nan, wanda ya sami ramin zinariya a ƙasarsa ya tsinci dami a kala, illarta kawai ita ce tsadar kaya. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san wani farashin. A 2010 aka gano cewa dutsen da ake haƙowa ana niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarta ta shiga ƙasa da abinci a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, yara kimanin 400 suka rasu. Sai a 2013 aka share ƙasar Bagega. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda rashin tsaro, ba ta ɗage hanin ba sai a ƙarshen 2024. Wannan ya faru ne bayan zamanin da wasan ya ƙunsa, amma ƙa'idar ɗaya ce: ma'adini yana janye hannu daga gona, yana jawo baƙi da masu makami, yana taɓa lafiya. Haka nan bayi, waɗanda wasan ya jera cikin hajoji tare da hauren giwa da gishiri, alhali kowane hari da ya kawo su ya bar wani gari kufai.

To, wa zai yi gyaran? Ba sai an jira Suwidin ba. Wasannin Paradox an rubuta yawancin ƙa'idojinsu da tarihin lardunansu a fayiloli na rubutu zalla, waɗanda kowa zai iya buɗewa ya sauya, kuma masu sha'awa a ƙasashe da yawa suna yin haka su rarraba wa juna ta dandalin Steam. Kayan aikin ma akwai su: littafin Kurt Krieger na tarihin Zamfara na 1959, da kundin digirin Garba Nadama na Jami'ar Ahmadu Bello na 1977 a kan tashin daular da faɗuwarta, ga kuma abin da ya rage a bakin dattawa da makaɗan fada. Rabon ɗalibin Hausa a nan shi ne harshe. Shi ya san cewa Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum kowannensu sunan sarautarsa yana ɗauke da labarin wata ƙasa ko wata ƙaura, kuma ba za a murƙushe su duka a kira su da kalma ɗaya ta Turanci ba. Shi zai iya fassara rubutun wasan, ya tsara jerin sunayen maza da mata na zamanin, ya bambance Hausar yamma da ta Kano a bakin mutanen cikin wasa. In aka haɗa shi da ɗalibin tarihi da na kimiyyar kwamfuta, ƙaramin aiki kamar shekarun 1760 zuwa 1808, daga faɗuwar Birnin Zamfara zuwa faɗuwar Alƙalawa, ya isa kundin kammala digiri na mutum uku.