Labarin Duwatsun Abzin da Namun Dajinsu

Daga Bichi har Dambatta gona ta haɗe da gona, yaro ya girma bai san barewa ba sai a tatsuniya. Mai son ganinta sai ya bi hanyar ayarin gishiri, ya wuce Damagaram da Agadas, ya shiga duwatsun Abzin, ƙasar da kakannin Agalawa suka fito.

Can Dutsen Bagzan yake, mai tsayin mita 2,022, babu wanda ya kai shi a ƙasar Nijar. Da ƙafa ake hawansa, jaki ɗauke da salka, Ba'abzine yana jagora. Mai neman ganin dabba a waɗannan duwatsu yakan tashi da asuba, ya laɓe kusa da kwarmin da ke riƙe ruwan damina, inda iska ba za ta kai warinsa gaba ba. In ya yi haƙuri, watakila ya ga barewa, ko ragon dutse mai geza har ƙirji.

A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe wani yanki na duwatsun da hamadar Tenere domin namun daji. Duk da haka, cikin tarzomar shekarun 1990 bindiga ta kusa ƙarar da jiminun wurin.

To, fatake, maharbi ba ya wahalar banza sai ya san akwai mai saye. In an kawo muku ɗan barewa ko ƙahon rago, kada ku taya.